Tabo a Hoton Taurarin Farko

Tun da aka kafa babban madubin hangen sama a kan dutsen garin su Barira, aka sa doka: ranar da zai yi kallo, ba mai hura wuta. Da ɗumi yake gani, ba da haske ba, kuma abin da yake nema manya-manyan tarin taurari ne na farkon halitta, waɗanda ƙura ta lulluɓe.

Da safe Barira ta fito sayen man zafi, ta tarar da jama'a a gaban allon kasuwa. Ga hoton da madubin ya ɗauka jiya an saka: wani jan dunƙule kamar garwashi cikin toka. Sai dai farin tabo ya cinye rabinsa.

"Wani ne ya hura wuta," in ji maƙwabciyarta, Iya Tasalla, wadda 'yarta ke aiki a dutsen. "Rabon yarinyar nan da gida tun azumi, duk saboda hoton nan. Yanzu kuma sai baɗi."

Barira ta sunkuyar da kai. Jiya sanyi ya kama ƙirjin mahaifinta, ta hura 'yan karare ta dafa masa citta. A ganinta wutar ba ta kai komai ba.

Iya Tasalla ta matso, ƙaurin hayaƙin da ke mayafin Barira ya bugi hancinta. Ta yi ƙasa da murya.

"Yaya jikin Malam?"

"Da sauƙi, Iya."

"To, madalla. Wuce gida ki sauya mayafin nan kafin 'yan doka su zagayo."

Barira ta buɗe baki za ta yi magana, amma tsohuwar ta riga ta mayar da idonta kan rabin hoton da ya rage.