Kwanson Da Ya Yi Shiru

Ina tuyar kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, ƙanen mijina ya shigo ba sallama. Ya ce, "Matar yaya, sai haƙuri. Bindiga ta fashe wa yaya a fuska, can bakin tur'ar da ke kai ruwa gonaki."

Maigidana shi ke tsare awakin ƙauyenmu daga kuraye. Harsashi sai an je birnin Sinnar, shi ya sa yake sake ɗura tsofaffin kwanson tagulla. Da idonsa ya yi rauni, ni nake tantance masa. Nakan saki kwanso a farantin shayi. Lafiyayye ya yi amo, mai tsaga ya faɗi kamar tsakuwa.

Ranar Laraba kafin abin ya faru, guda bakwai na gwada. Shida suka yi amo, ɗaya ya yi shiru. Na ce a yar da shi.

"Ke dai kunnenki ya cika tsegumi," in ji shi yana dariya, ya jefa shi aljihu. Ban hana shi ba.

Kwana arba'in ina cewa a raina, wannan ne ya kashe shi, kuma ina kallo ya ɗauka. Ran da na ɗauko rigarsa zan wanke, na ji abu a aljihu. Kwanson nan ne, wayam, ko albarushi bai zuba masa ba. Ashe ya ji maganata. Wanda ya fashe yana cikin shidan da na ce lafiyarsu lau.

Ƙanensa ya juye albarushin sauran biyar ɗin ya ba ni. Kullum bayan sallar asuba nakan sake su a farantin, ɗaya bayan ɗaya, in kasa kunne. Duka suna amo. Haka wancan ma ya yi.