Warin Fata

Babanmu a kamfanin jima na Challawa yake aiki, kuma a bokiti ɗaya ake wanke kayansa da yunifom ɗina. Da na shiga aji sai yara su toshe hanci. Wata la'asar na dawo ina kuka, na gaya masa. Ya jawo wuyan rigata ya shinshina, ya ture ni.

"To ƙarya suka yi? Matsa can."

Haba Baba! Warin nasa ne fa!

Yau ko gyara zama matata ta yi, sai in ɗauka warina take gudu, in hau ta da faɗa, can in dawo ina roƙon kar ta tafi. Likita ya ba ciwon suna. Ni dai har yanzu sai na shinshina rigata nake gaida mutum.