Tela Ya Fita Cin Ƙasa

Ranar da Baba Tela ya ci garinsa na farko da yaƙi, ya ɗinke wa wani mutum aljihun wando ruf. Mutumin ya yi ƙorafi, Baba Tela ya ce ya dawo gobe, yau ana rabon ganima.

Kwamfutar tana kan teburin yanka, tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai. Auta, ƙaramar 'yarsa, ce ta kawo ta, ita ta saka masa wasan. Wasan sarakunan zamanin da ne: taswira guda, 'yan wasa daga ko'ina, kowa da ganuwarsa, kowa yana neman haɗiye na kusa da shi. Auta ta nuna wani lungu a gindin dutse ta ce, "Nan za ka fara, Baba." Bai tambayi dalili ba.

Ba sha'awa ta kai shi ba. Duk duniya babu abin da ya tsana kamar wasan nan. A kansa ne ya fizge wa babban ɗansa wayar wuta ana tsakiyar yaƙi, ya gaya masa irin maganganun da uba kan faɗa ya dawo yana cizon yatsa. Ɗan ya haɗa kayansa ya bar gidan. Tun daga ranar nan, kiran Baba Tela bai ƙara shiga wayarsa ba. An tura kawu, an tura gwaggo, duk gaisuwa kawai suka dawo da ita.

To amma wasan yana da doka: ba ka aika wa sarki saƙo sai iyakarka ta taɓa tasa, in kuwa ta taɓa, ba shi da ikon toshe ka. Baba Tela bai manta tutar da ya gani a allo ranar rigimar ba, baƙar mikiya ce. Ya lalubo ta can gabas, ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Ya ciro tef daga wuyansa ya auna tazarar a jikin allon, ya ce bai fi hannun rigar jariri ba.

Farkon mulkinsa abin tausayi ne. Ya tura mayaƙa cikin sanyi babu guzuri, suka ƙare a hanya. Ya aura wa magajinsa wata gimbiya don ya ga alamar natsuwa a fuskarta, ashe ko gona ba ta gada ba. Ya danna abin da ya ɗauka sulhu ne, sai ga shi ya tsire wazirinsa.

Maƙwabcinsa ne ya rufa masa asiri, wani ɗan ƙaramin sarki mai koriyar tuta, gari ɗaya tak a bakin mashigin dutse. Shi ya fara aiko da saƙo: "Ranka ya daɗe, kada a fita yaƙi sai rumbu ya cika." Ya koya masa yadda ake ƙago hujjar gado a kan ƙasar mutum kafin a far masa, da wanda ake ƙulla ƙawance da shi, da wanda ake yi wa murmushi kawai. Duk yaƙin da aka fita, koriyar tuta ce a gaba, ganima kuma ta Baba Tela. Da yatsa ɗaya tsohon yake rubutu, kafin ya gama layi shayi ya huce, amma maƙwabcin bai taɓa gaggauta shi ba. Baba Tela ya yanke cewa mutumin kirki ne, sai dai ba shi da zuciyar nema.

Ƙasa ta yi ta faɗi, ɗinkin mutane ya yi ta taruwa. Yana zagaye dutsen ta kudu, gari bayan gari, hanya mai nisa. Mikiya ma ba ta zauna ba, ta yi ta ciyowa yamma har ta iso bayan dutsen. Wata safiya ya duba taswira ya ga abu ɗaya ya rage tsakaninsu, garin mai koriyar tuta.

Ya yi tunanin roƙonsa ya isar masa da saƙo, sai ya ga maganar uba da ɗa ba ta bi ta hannun baƙo. Zagaye kuwa zai ci watanni, ga kewar ɗansa ta hana shi sakat.

Auta ta kawo abincin rana ta tarar an jera mayaƙa a ƙofar maƙwabci.

"Baba, kada ka taɓa wannan. Wanda aka ci garinsa na ƙarshe an fitar da shi ke nan, ba ya dawowa."

"Na sani."

"Baba, don girman Allah ka dakata."

"Ɗana nake nema, ba aboki ba."

Ta dire kwanon ta fita da sauri, waya a kunne. Kafin ta dawo ya danna.

Yaƙin bai yi armashi ba. Ko mayaƙi ɗaya ba a fito da shi ba, ƙofar ganuwar ma a buɗe take. Saƙo ya shigo: "Bismillah, ranka ya daɗe." Koriyar tuta ta ɓace daga taswira. Kunya ta kama Baba Tela har cikin ƙashi, amma iyaka ta taɓa iyaka.

Ya gyara gilashinsa, ya rubuta wa Mikiya da yatsansa ɗaya: "Ni ne babanka. Na yi kuskure. Ka zo gida."

Amsa ba ta jima ba.

"Baba, yi haƙuri, ba shi ba ne, ni abokinsa ne. Tuni ya bar mini ƙasar nan. Cewa ya yi mahaifinsa ya shigo wasan kuma bai iya komai ba, zai koma ya kama gari ɗaya a bakin dutse ya riƙa kula da shi."