Igiyar Akuya da Wayar Sitiyari

Zauna tukuna. Kafin ka sake cewa tsohuwa ba ta san aikin zamani ba, ji wannan.

Wani direba ne yake jigilar 'yan kasuwa a tsohuwar motarsa, daga garinsu zuwa kasuwar Laraba ta bayan dutse. A hanyar akwai wata kwana da ba a ganin abin da ke tafe, sai dai a yi hon a saurara. To, hon ɗinsa ya mutu. Ran nan saura ƙiris ya yi gaba da gaba da tifar yashi a wurin, mata na salati, kwandon tumatir ya kife. Da labari ya kai tasha, shugaban direbobi ya ce kada ya ƙara yin lodi sai motar ta yi kuka, in kuma Laraba ta zo bai gyara ba, a ba wani layinsa. Baki tara ne a gidansa, dukansu da layin nan suke ci.

Ya san inda ciwon yake. A bayan sitiyari akwai wani faifan roba kamar murfin kwano. Cikinsa waya ce mai faɗi, marar kauri kamar zaren kaset, a naɗe kamar gammo. Ita ke kai wuta ga hon, tana warwarewa tana naɗewa duk sa'ad da aka murɗa sitiyari. Tasa ta tsinke. Kwana uku yana yawo wajen 'yan gwangwan, masu sayar da kayan matattun motoci, kafin ya samo guda ɗaya tak a jikin wata mota da ta yi hatsari. Mai sayarwa ya jefa masa a leda, ya ce babu wata ko a birni.

Talata da hantsi ya tsayar da motar a ƙofar gida, gindin darbejiya, inda gwaggonsa take ɗaure awakinta. Ba ragon ma'aikaci ba ne. Ya miƙe tayoyi sak. Ya cire kan batir, ya jira har ya shanye kokon kunu, don kada jakar iskar nan ta tsakiyar sitiyari ta fashe masa a fuska. Ya yi alama da alli, ya zare sitiyari, ya fitar da mataccen faifan ya yar a ƙasa. Ya zaunar da sabon a mazauninsa, ya haɗa wayoyi kowace da 'yar'uwarta, ya mai da sitiyari. Saura ɗaure noti.

Gwaggo tana kan turmi a kife tana ɓarar gyaɗa. Ta tsinci mataccen faifan, murfinsa ya riga ya ɓalle, ta ja wayar tana dubawa.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan igiyar me ke jan ta?"

"Sitiyari, Gwaggo. Kuma waya ce, ba igiya ba."

"To, sabuwar da ka sa, ta wane gefe ka bar mata sarari?"

"Gwaggo, don Allah ki ji da gyaɗarki. Wannan ba tuƙin tuwo ba ne."

Ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma shekara hamsin ina ɗaure akuya. In ta kewaye turke ta gefe guda har igiya ta ƙare, taki ɗaya ya rage ta shaƙe. Wannan ma ƙarewa ta yi aka ja ta. Dubi bakinta."

Ya ɗora sifana a kan noti, don ya nuna mata magana ta ƙare. Sai hannunsa ya tsaya. Ya tuna jiya a motar haya, yana dawowa daga wajen 'yan gwangwan, yatsansa na cikin leda yana ta juya faifan kamar mai jan carbi. Sau nawa, ta wane gefe, Allah kaɗai ya sani.

Ya ajiye sifana. Ya sake zare sitiyari. Ya sa yatsa ya juya faifan dama a hankali. Ko rabin zagaye bai yi ba ya ji ya cije. Da ya ɗaure notin nan, kwanar farko daga ƙofar gida za ta tsinke wayar, layinsa ya bi ta. Ya juya hagu yana ƙirgawa, sai a zagaye na biyar ya sake cijewa. Ya dawo da shi biyu da rabi, sarari ta nan, sarari ta can. Sa'an nan ya ɗaure, ya mai da batir.

Ya tayar da mota, ya murɗa sitiyari har ƙurewar dama, ya murɗa har ƙurewar hagu, kunnensa a ƙasa. Ba abin da ya ce ƙas. Ya yi bisimilla ya danna hon.

Motar ta kwarma ihu. Awaki suka zabura, kaji suka watse, gyaɗar Gwaggo ta zube. Shi kuwa ya kifa goshi a kan sitiyari, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta yi kwana uku a ƙirjinsa.

Gwaggo ta ce, "Ka firgita min dabbobi, ja'iri. Sauko ka tsince min gyaɗa."

Ya sauko. Mai gemu da furfura a ciki, ya durƙusa ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Ran Laraba shi ya fara lodi, ya yi hon sau uku a kwanar dutse, tifa ta amsa masa daga can.

Ka ji. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.