Ƙahon Awon Albarushi

Shekarar wasannin Olimfik muna zaune a unguwar Liwan da ke birnin Guangzhou. Wata ranar da la'asar Baba ya ce lokaci ya yi da zan koyi ɗurin harsashi, sana'ar kakanmu maharbi. A Guangzhou ko zancen bindiga ba a yi, don haka garin shayi ya zama albarushinmu, guntun gora ya zama kwanso. Ƙaramin ƙahon awo ne kaɗai na gaske, har lokacin yana ƙauri.

Ina cikin zubawa, wani ɗan kasuwar Maraɗi ya yi sallama a bakin ƙofa. Na ɗaga kai na amsa da ƙarfi, don a san ina da tarbiyya.

"Awo nawa ka zuba?" in ji Baba.

"Ɗaya, ina jin."

"Kana ji? Juye ka sake." Ya shimfiɗa hannunsa mai yatsu uku a kan tebur. "Ni ma sallama na amsa, na zuba biyu. Baƙo zai jira, ɗana."

Yau magani nake haɗawa a asibiti. Abokan aiki suna cewa girman kai gare ni, ba na amsa gaisuwa in ina awo. Su yi ta faɗa. Ni na ga hannun Baba.