Shuɗiyar Rigar Inna

An sake dawo da wata rigar. Mai shagon ta shimfiɗa ta a kan teburin shagon, ta ɗaga kafaɗar da yatsa biyu. "Ƙanwata, wadda ta sayi wannan ma ta ce hagun ya karkace. Ko keken ɗinkin naki ne ke ɗingishi?"

Auta ta yi dariyar yaƙe. Saboda rigunan nan ta ajiye aikin ofis. Mai shagon ta ara mata marataya guda kusa da ƙofa, kuma yau wa'adin ya cika. In ba a samu wadda ta saya ta riƙe ba, gobe jakunkuna za a jera a wurin.

Asalin rigar ta Inna ce. Shuɗiya, mai maɓallai a gaba. Da hannunta ta ɗinka ta shekarar da Auta ke makarantar kwana, bayan doguwar ziyarar da aka ce ta kai wa ƙanwarta. Duk wanda ya ga Inna a cikinta sai ya waiwaya, kamar a jikinta aka zana ta. Bayan rasuwarta, Auta ta ɗauki reza ta bi ɗinkin zare-zare, ta shimfiɗa ƙyallayen a kan takarda ta fitar da zanensu.

Ranar Yaya ta shigo ta tarar da ita, ta yi turus a bakin ƙofa. "Auta, da kin bar rigar nan yadda take. Ba komai ake farkewa ba."

"Yaya, kishi kike don ni na gaji hannun."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ja ƙofar ta fita.

Ko ɗigo Auta ba ta canza ba. Hannun hagu ya ɗan fi na dama faɗi, ta bar shi haka. Tattarar ƙirji ta taru gefe guda, ta bar ta. Har ɗan aljihun nan da ke ɓoye daga ciki, wanda Inna ta ce na hankici ne, sai da ta sa wa kowace riga. Wa ya isa ya gyara wa Inna aiki?

Amma rigar ta ƙi zama a jikin kowa. Auta ta auna, ta sake aunawa. Ta canza yadi, ta canza allura, ta kai keken wurin mai gyara ya ce lafiyarsa ƙalau. Abinci ya daina wuce mata. Ga aiki ta bari, ga rigar Inna a gutsattsare cikin leda, ba tsuntsu ba tarko.

La'asar na yi mai shagon ta fara sauke rigunan ɗaya bayan ɗaya. "Ki yi haƙuri, ni ma kasuwa nake."

Sai ga wata mata ta shigo, lulluɓe da gyale mai kauri duk da zafin da ake yi, ta rungume jakarta a ƙirji. Ta shafa rigar da ta rage a marataya, ta juyo cikinta. Yatsanta ya faɗa aljihun, ta tsaya cak.

"Zan iya gwadawa?"

Gaskiya ta zo wa Auta har baki, ta haɗiye ta. "Ga labule can, Anti."

Matar ta daɗe a ciki. Da ta fito babu gyale, jakar kuma tana rataye a hannunta. Rigar ta zauna daram, kafaɗa da kafaɗa. Mai shagon ta saki baki. Auta ta dafa teburin, don kamar Inna ce ta gani tsaye.

Matar ta ƙura wa madubi ido, hawaye na sauka. "Tun da aka sallame ni daga asibiti ban yarda na tsaya gaban madubi ba. Muna da yawa, 'yata, duk zan turo miki su. Har da wurin sa ciko! Wa ya koya miki wannan yanka?"

"Rigar mahaifiyata ce na kwaikwaya. Ban canza komai ba."

Matar ta riƙo hannunta ta matse a hankali. "Allah sarki. Ashe ita ma nonon hagu aka cire mata."