Buhun Masara Kawai

Ranar da alƙali ya wanke shi, ya sa aka manne masa takardar kotun cikin leda, don kada gumi ya ɓata ta a aljihu.

Shekara biyu ya yi a tsare, saboda wata fasinja ta ce ya yi mata fyaɗe a hanyar daji. Daga baya ta amsa cewa ƙarya ta yi, aka ɗaure ta wata shida.

Ya koma tashar 'yan acaɓa ta Randagi. Mata sai su gaishe shi, su wuce babur na gaba. Ba wanda ya taɓa neman ganin takardar.

Ranar kasuwa sai ga yayarsa, wadda ba ta taɓa fashin zaman kotu ba, da buhun masara da 'yarta budurwa. Ya yi maza ya goge kujerar babur da hannun riga.

"Kai mana buhun gida," in ji ta, idonta a ƙasa. "Yarinyar za ta hau wancan."

Ya ɗaure buhun da kyau. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, kamar mutum ya ɗauko.